Takalmin 'Yar Basha

Ina 'yar shekara tara, aikina a gidanmu na Jidda shi ne fassara wa kakata Hajja musalsal, wato wasan kwaikwayon Larabawa na talabijin. Larabcin kasuwa take ji, na talabijin kuwa sai da ni. Na san ita 'yar babban gida ce a Damagaram, kakana kuma ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi suka haɗu ba.

Ran nan bayan la'asar tana tsinke na'ana'a, ɗakin duk ƙamshi. A talabijin, 'yar wani Basha mai sarauta ta ɗauko jaka za ta gudu wurin mai tuƙa wa ubanta keken doki. Takalminta mai tsini, ƙwas-ƙwas a kan matakala.

Hajja ta dangwarar da faranti. "Ke wawiya! Da wannan takalmin? Ni a hannu na riƙe nawa."

"Hajja, ke ina kika gudu?"

"Yalla, fassara, ban da surutu."

Kakana yana kishingiɗe da casbi, gemunsa sai rawa yake don dariya. "Ƙafa ɗaya ma a hanya ta yar," in ji shi.

Yanzu na girma, jibi magabatan wanda nake so, direba ne a unguwar Abhur, za su zo wurin Abba. Ban san ko zai yarda da direba ba. Ɗazu Hajja ta kira ni: "Ki sa takalmi mai tsini, kowa ya ji tahowarki. Ina nan zaune kusa da ubanki."