Zaren Ranar Suna

Tun da aka kafa dokar zare, wanzami ba aska kaɗai yake kawowa ranar suna ba. Yana zuwa da farin zaren hukuma, ya ɗaura wa jariri a hannu. In ya yi ja, wai yaron in ya girma zuciyarsa ba za ta karkata ga mata ba. Sai a tafi da shi gyara.

Barau wanzami ya aske jikan Inna Dije a zaure, ya ɗaura zaren. Kafin ya goge askarsa, zaren ya soma yin ja.

Inna Dije ta dafe ƙirji. "Barau, daga ina abin nan yake fitowa? Nono ne ko jini?"

"Inna, shekara talatin ina ɗaura zaren nan, ban sani ba. Su ma masu zaren ba su sani ba."

Ta leƙa waje. Autanta Sallau, wanda aka gyara tun yana tsumman goyo, yana zaune a kan dakali. Ba ya son mace, ba ya son namiji. Ko miya bai taɓa cewa ga wadda yake so ba.

Barau ya tsinke zaren, ya zaro na ɗinki daga aljihunsa ya ɗaura.

"Wannan ba ya rinewa," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta sauke ajiyar zuciya. Shi kuwa ya ci gaba da naɗe kayansa bai dube ta ba.

"Amma daga bana, Inna, ranar yaye 'yan hukuma da kansu suke zuwa su sake ɗaurawa."