Kwabo a Goshin Mawaƙiya

Ina aji uku aka yi sunan ƙanena a Ƙanƙara, zamanin da gwamnati ke ɗebo malamai daga Indiya da kuɗin fetur. Babanmu ya ji cewa matar malamin lissafi babbar mawaƙiya ce a kudancin ƙasarsu, sai ya gayyato ta ta yi wa mata waƙa. Kowa ya zaci irin ta silima za a ji.

Bayan la'asar ta zauna bisa tabarma, ta naɗe ƙafa, ta rufe ido. Ta kama murya ɗaya tana ja, tana karkaɗa ta a hankali, tana bugun cinya da tafin hannu. Tsigar jikina ta tashi. Mata kuwa suka fara ƙunshe dariya.

Goggo ta miƙe, ta lashi kwabo, ta manna mata a kan jan ɗigon goshinta.

"Ga naki, zabiya. In ciwon ciki ne, akwai kanwa."

Gida ya kaure da shewa. Matar ba ta buɗe ido ba sai da ta kai ƙarshen waƙarta, kwabon na nan manne. Har yau in aka fara liƙi a biki, takalmina nake nema.