Gulma Ka Ji

Ina aji biyu na sakandare a Karmo aka sa mana wani littafin adabi, ni kuwa ba ni da shi. Yayata Hauwa ta aro na ƙawarta na kwana biyu, ta karance min shi kaf a kaset. Na yi ta saurara a rediyon Baba har na san wuraren da take tsayawa ta yi tari.

Wata rana bayan azahar Malam Sule, mai koya mana adabi, ya jefo tambaya uku, na amsa su duka. Daɗi ya ɗebe ni, na ce a kaset na ji.

Ya miƙo min littafinsa, bangon ya yi laushi, yana warin kananzir.

"To, oga, nuna mana shafin da aka faɗi haka."

Na yi ta buɗe-buɗe. Na san kowace kalma, amma ban san inda take zaune ba.

Ya fizge littafin. "Kai ba karatu ka yi ba, gulma ka ji."

Aji ya fashe da dariya. Da na koma gida na zare zaren kaset ɗin nan tas, da muryar Hauwa a ciki.

Har yau ban yafe masa ba. Amma jiya na tarar da 'yata tana sauraron littafi a waya, sai na ji maganarsa ta fito daga bakina, ba ragi ko kalma ɗaya.