Hannun Yaya Tanimu

Tun da doka ta ce a mayar da hannun ƙarfe asibiti idan mai shi ya rasu, ba a binne kowa da nasa. Bayan sadakar uku, Ɗanlami ya kai na yayansa Tanimu.

A gabansa aka ɗaura wa wani manomi. Likita ta ce, "Baba, motsa tsokar damtsenka, yatsun za su bi. Mun goge duk abin da hannun ya saba yi."

Manomin ya miƙa wa Ɗanlami hannun. "Allah ya jiƙan mai shi."

Suka gaisa. Babban yatsan ya danna bayan hannun Ɗanlami sau biyu, yadda Yaya ke yi masa tun suna yara.

"Wallahi ba ni na sa shi ba," in ji manomin.

Ɗanlami ya kasa saki.