Minti Goma

Ta murɗa makullin banɗaki, ta ƙanƙame jaririyarta. Da rana tsaka, ga takun ƙato a falonta, yana jan durowa ɗaya bayan ɗaya.

"Don Allah ku yi sauri, ɓarawo ne a gidana," ta raɗa a waya.

"Kwantar da hankalinki, baiwar Allah," in ji 'yar sandan da ta ɗauka. "Minti goma, mota na ƙofarki."

Ta ƙura wa agogon wayar ido, tana jijjiga 'yar kada ta farka. Minti bakwai ya wuce. Ana shiga na takwas jaririyar ta tsala kuka.

Takun ya tsaya. Sannan ya nufo ta, ba ko gaggawa, har inuwarsa ta toshe hasken ƙasan ƙofar.

"Na kira 'yan sanda!" Ta ɗaga murya. "Yanzun nan za su iso!"

Ya yi 'yar dariya.

"Minti goma suka ce miki, ko? Haka aka koya mana mu riƙa faɗa. A da motocin 'yan sanda shida ne, yanzu saura ɗaya. Ni ke tuƙa ta biyu kafin a sallame mu." Ya ƙwanƙwasa a hankali. "Awa guda ce kafin su iso, ƙanwata. Buɗe."