Garin da Taswira ta Manta

Tun da motoci suka daina buƙatar direba, ba sa zuwa sai inda taswirar hukuma ta sani. Ranar Asabar Malam Sallau, tsohon malamin labarin ƙasa, ya shiga mota da 'yarsa Uwani, zai kai wa yayarsa Tabawa maganin ido a ƙauyensu, Tungar Kanya.

"Babu wannan gari," in ji motar.

"Ikon Allah! Garin da aka yanke mini cibiya?"

Bai tsaya gardama ba. Ya buɗe littafin taswirorin da ya yi shekara talatin yana koyarwa da shi, ya nuna wa Uwani wani ɗigo a bakin rafi. Motar ta sauke su inda saninta ya ƙare, suka ƙarasa a ƙafa.

Suka tarar da Tabawa tana sheƙar gero. Ya ɗiga mata maganin da hannunsa, ta dama musu fura, aka yi ta hira har la'asar.

"Gwaggo, wayata fa cewa take ba ma ko'ina," Uwani ta ce a hankali.

Tabawa ta yi dariya. "Mu ai shekararmu huɗu ke nan a haka, 'yar nan. Ƙara nono."