Tsohuwar da Ta Addabi Gidan Zanaroli

Tsohuwar ta sake dawowa bakin masana'antar tayil ta gidan Zanaroli, da 'yar kujerarta da kwalinta. Rubutun kwalin na ranar cewa yake: ERMANNO, HAYAƘINKA MUKE SHAƘA.

Ermanno, manajan kamfanin, ya leƙa ta taga ya daki tebur. "Matar nan sai ta ga bayana!"

Baffanninsa biyu, Gualtiero da Primo, su ke da rinjaye a kamfanin, kuma da gas suka tashi suka ga ana gasa tayil a garinsu Sassuolo na ƙasar Italiya. Injiniyarsu Nives ta daɗe da haɗa tanderun lantarki marar hayaƙi a bayan sito. Duk shekara sai a yaye shi, a ɗauki hotonsa don kalanda, a mayar a lulluɓe.

"Gas bai taɓa ba mu kunya ba," in ji Baffa Primo. Ermanno ya gyaɗa kai kamar kullum.

Ba wanda ya san tsohuwar a garin. Ba kullum take zuwa ba, amma duk ranar da dillalan Jamus za su iso, sai su tarar da ita zaune tana cin burodi da cuku. Ermanno ya kira 'yan sanda, suka ce titi na kowa ne. Ya fita da kansa ya daka mata tsawa a gaban 'yan jarida. Washegari hoton ya cika gari, babban dillalinsu ya ce ya fasa saye.

"Ka zubar mana da mutunci, yaro," in ji Baffa Gualtiero a taro. "A kunna abin nan na Nives mu huta."

"Baffa, ba mu shirya ba."

"Wa ya tambaye ka?"

Aka ɗaga hannu don ƙuri'a. Ermanno kaɗai ya ƙi. Ranar da tayil ɗin farko ya fito daga sabon tanderu, baffannin ne a gaban kyamara, shi yana can baya ya ɗaure fuska.

Ranar Lahadi ya tuƙa mota zuwa birnin Bologna, gidan da ya yi haya lokacin yana ɗalibi. Mai gidan, wata tsohuwa da ake kira Signora Iolanda, ta dire masa farantin taliya, ta zauna tana murza gwiwa.

"Ci, ɗan nan, ka rame," ta ce. "Kuma in za ka sake rubuta min kwali, don Allah ka rage zagin kanka, har kunyar ɗagawa nake ji."